Wa Ya Ɗaga Yatsan?

Sanin kowa ne cewa alƙali ba ya yanke wa mai kisan ganganci da mai kisan kuskure hukunci iri ɗaya. Dalili kuwa shi ne mun ɗauka niyya ce ke gaba, aiki ya biyo ta. A kan wannan ginshiƙi muka ɗora zargi da yabo. To, ina za mu sa kanmu idan aka ce ƙwaƙwalwa tana riga niyyar tashi?

A shekarar 1965 wasu masana biyu na Jamus, Kornhuber da Deecke, suka bayyana cewa idan mutum zai motsa yatsa don ganin damarsa, wani ɗan motsi na lantarki yakan fara taruwa a ƙwaƙwalwarsa tun yatsan bai motsa ba. A 1983 Benjamin Libet ya ɗora a kai a Amurka. Ya zaunar da mutane gaban wani agogo mai ɗigo mai zagayawa da sauri, ya ce su lanƙwasa hannu duk sa'ad da suka so, su kuma lura da inda ɗigon yake a lokacin da suka ji sha'awar yin hakan. Sai aka ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri kimanin rabin daƙiƙa kafin motsin, alhali jin niyyar bai zo ba sai saura kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Nan take wasu suka ce ashe zaɓi ruɗu ne, mu 'yan kallo ne a cikin jikinmu.

Mu dai muna ganin an yi gaggawa. Wanda ya zauna gaban agogon ya riga ya ƙulla niyyarsa tun da ya amsa gayyata. Abin da ya rage masa shi ne yaushe, kuma wannan yaushen ba ya ɗauke da riba ko asara. Ina haɗin wannan da mai shaidar zur, wanda ya kwana uku yana saƙa da warwara kafin ya buɗe baki? Bugu da ƙari, a 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa mai yiwuwa wannan taruwa ba shawara ba ce ɓoyayya, kaiwa da komowa ce ta yau da kullum a ƙwaƙwalwa, wadda takan tunkuɗa motsin idan ta kai wani mizani.

Shi kansa Libet bai yarda an binne zaɓi ba. A ganinsa, cikin ɗan taƙin da ya rage mutum yana iya cewa a'a. Wannan kam mun san shi tun ba mu ji sunan Libet ba, domin mun sha ganin uba ya ɗaga hannu zai mari ɗansa, hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali.