Muhawarar Valladolid: Ya Halatta a Yaƙi Al'umma Saboda Addininta?

A watan Agustan 1550 Sarki Carlos na Sifaniya ya tara malaman addini da masana shari'a a birnin Valladolid domin su yanke hukunci kan mas'ala guda: shin ya halatta a ɗaura wa mutanen nahiyar Amurka yaƙi, a mallake su, sannan a yi musu wa'azin Kiristanci? Tun a watan Afrilu sarkin ya ba da umarnin dakatar da duk wani sabon yaƙin mamaya har sai an warware batun. Ba kasafai ake samun daular da take tashen ƙarfi ta tsaya tana tuhumar takobinta ba. Sai dai tambayar ta zo ne bayan aikin gama ya gama, domin Tenochtitlan, babban birnin Aztek a ƙasar Meziko ta yau, ya faɗi shekara 29 kafin zaman.

Addinin Aztek shi ne ƙashin bayan gardamar. A aƙidarsu, duniya huɗu sun shuɗe kafin wannan, kowacce da ranarta, kowacce kuma ta halaka. Rana ta biyar ta samu ne a Teotihuacan, lokacin da wani abin bauta mai suna Nanahuatzin ya faɗa wuta, sauran kuma suka ba da rayukansu domin ta fara tafiya a sama. Daga nan ɗan Adam ya zama mai bashi a wuya, kuma jini ne biyan bashin. A kan babbar dalar Tenochtitlan akwai ɗakunan bauta biyu, ɗaya na Huitzilopochtli mai rana da yaƙi, ɗaya na Tlaloc mai ruwan sama. Can ake hawa da fursunan yaƙi, a kwantar da shi rigingine a kan dutse, mutum huɗu su riƙe hannuwa da ƙafafu, babban limami ya tsaga ƙirjin da wuƙar dutse ya ciro zuciya. Duk bayan shekara 52 ana kashe kowace wuta a ƙasar, jama'a su kwana cikin fargabar ko gari zai waye, har sai an kunna sabuwa a kan ƙirjin wanda aka yi hadaya da shi. An yi wannan biki na ƙarshe a 1507.

Hernán Cortés ya sauka gaɓar Meziko a 1519 da mayaƙa kimanin 500, ya shiga Tenochtitlan, birnin Sarki Moctezuma, a ranar 8 ga Nuwamba. Birnin ya faɗi a ranar 13 ga Agustan 1521, bayan annobar agana ta yi wa jama'a mummunar ɓarna, kuma da taimakon dubban mayaƙan Tlaxcala waɗanda suka daɗe suna gaba da Aztek. Aka raba mutanen ƙasar ga Sifaniyawa, kowa da garuruwan da za su yi masa aikin tilas, wai shi kuma ya koya musu addini.

Mutum biyu ne suka gabatar da hujja a Valladolid, ko da yake ba su zauna gaba da gaba ba. Juan Ginés de Sepúlveda, masanin harsuna wanda ya fassara littafin siyasa na Aristotil zuwa Latin, bai taɓa ƙetare teku ba. Ya yi magana ta sa'a uku. Bartolomé de las Casas kuwa ya isa tsibirin Hispaniola tun 1502, shi ma ya taɓa cin moriyar aikin tilas kafin ya tuba ya saki mutanensa a 1514, daga baya ya zama bishop na Chiapas. Kwana biyar ya yi yana karanta wa kwamitin rubutunsa, har aka ɗora wa Domingo de Soto, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, nauyin taƙaita bayanan biyu.

Hujjojin Sepúlveda huɗu ne. Ya ce mutanen nan bayi ne tun daga halitta, bisa ra'ayin Aristotil cewa akwai waɗanda hankalinsu bai kai su mulki kansu ba. Ya ce bautar gumaka da cin naman mutum laifuffuka ne da suka cancanci horo, ya ce wajibi ne a ceci marasa laifi da ake yankawa, sannan ya ce yaƙi yana share wa wa'azi hanya. Ta farko ba ta da ƙarfi, tunda Fafaroma Paul na III ya riga ya bayyana a 1537 cewa mutanen Amurka cikakkun mutane ne masu hankali, ba a ƙwace 'yancinsu ko dukiyarsu. Las Casas ya ƙara da cewa al'ummar da take da birane da kasuwanni da alƙalai da makarantu ba ta rasa ikon mulkin kanta ba. Ta biyu da ta huɗu ya rushe su da ƙa'idoji biyu: coci ba ta da hurumin hukunta wanda bai taɓa shiga addininta ba, kuma imanin da aka karɓa da takobi a maƙogwaro ba imani ba ne.

Hujja ta uku ce mai wuya. Ko Francisco de Vitoria na Jami'ar Salamanca, wanda a laccocinsa na 1539 ya musanta cewa Fafaroma ko sarki na da ikon kyautar da ƙasashen wasu, ya amince cewa kare marasa laifi daga hadaya na iya halatta yaƙi. Las Casas ya amsa ta fuska biyu. Da farko ya auna ɓarna: idan domin a ceci kaɗan za a kashe dubbai, a ƙona garuruwa, a sa waɗanda suka tsira su tsani addinin da aka zo da shi, to maganin ya fi cutar muni. A nan ma suka saɓa kan adadi. Sepúlveda ya ce ana hadaya da mutum 20,000 duk shekara, Las Casas ya ce ko 100 ba su kai ba. Ya rage fiye da kima, domin tun daga 2015 masu tonon tarihi sun gano ƙoƙunan kai sama da 600, har da na mata da yara, a hasumiya guda kusa da babbar dalar.

Fuska ta biyu ita ce ta girgiza masu sauraro. Ya ce hankali shi kaɗai, ba tare da wahayi ba, yana koya wa mutum cewa Mahalicci ya cancanci mafi tsadar abin da yake da shi, kuma babu abin da ya fi rai tsada. Saboda haka mai hadaya da mutum ya ɓata, amma ɓatansa na wanda ya bi malamansa da kakanninsa da zuciya ɗaya ne, kuma ba zai bar abin da ya gada ba don kawai baƙi masu makamai sun ce ya bari. Ya kafa misali da Annabi Ibrahim, wanda aka umarta ya yanka ɗansa (Ishaku a ruwayar Kiristoci, Isma'ila a wajen mafi yawan Musulmi). Misalin yana da rauni, tunda ƙissar ta ƙare ne da fansa da rago. Raunin da ya fi wannan shi ne, hujjar ta duba niyyar limamin da ke riƙe da wuƙa, ba ta ce komai ba game da fursunan da ke kwance a kan dutse. Shi ma Sepúlveda da ya fake da wannan fursuna bai bayyana yadda cetonsa ya halatta a tura 'ya'yansa ramukan haƙar azurfa ba. Babu kuma Ba'aztek ko ɗaya da aka kira zauren.

Adalcin Las Casas kansa bai zo a lokaci guda ba. A 1516 ya ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka domin a sauƙaƙa wa 'yan ƙasa, daga baya ya rubuta nadamarsa a littafinsa na tarihi, yana cewa bautar da baƙar fata zalunci ne daidai da bautar da mutanen Amurka.

Kwamitin ya sake zama a 1551, ya watse ba tare da hukunci na bai ɗaya ba, kowane ɓangare yana cewa shi ya yi nasara. Littafin da Sepúlveda ya rubuta don halatta yaƙin, wanda jami'o'in Salamanca da Alcalá suka ƙi amincewa da shi, bai ga ɗab'i ba sai a 1892, yayin da Las Casas ya buga bayaninsa kan kisan da aka yi a Amurka a birnin Sevilla a 1552. Mamaya ta ci gaba. A 1573 Sarki Felipe na II ya fitar da dokar da ta hana kiran sababbin hare-hare da sunan cin ƙasa da yaƙi, ta umarci a riƙa kiransu kwantar da tarzoma, ta kuma ce masu wa'azi ne za su shiga gaba.