Wa Ke Zaune Don Kansa?

Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san gawo, ya kuma san halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa. Da damina, sa'ad da daji ya yi kore shar, shi sai ya zubar da ganyensa. In rani ya yi, ko'ina ya bushe, sa'an nan ya ke toho. Bari mu ɗauki wannan icce mu auna wata tambaya da shi: shin akwai mai rai wanda ke zaune don kansa kaɗai?

Masu binciken halittu sun kasa zaman duniya hawa hawa, kamar yadda mu ke da mutum, da gida, da unguwa, da gari. Hawa na fari shi ne mai rai guda, kamar gawo ɗaya a tsakiyar gona. Na biyu shi ne dukan gawon da ke wannan karkara, watau iri guda a wuri guda. Na uku shi ne taron iri dabam dabam da ke zaune tare, kamar gawo da gero da shanu da manomi. Na huɗu kuwa, a haɗa waɗannan duka da ƙasa da ruwa da iska da rana.

Dubi yadda su ke riƙe da juna. Ganyen da gawo ya zubar ya zama taki, gero kuma ya sami rana tun da babu inuwa. Da rani shanu su taru a gindinsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi a gona. A cikin kashin nan ne ƙwayar gawo ke fita, ta jira ruwa ta tsiro.

Kowace halitta kuma tana da yadda ta ke bi da sauyin wurin zamanta. Shamuwa ta kan zo gab da damina, ta tafi in ruwa ya ɗauke. Gaiwa ta kan shige cikin laka in tabki ya ƙafe, ta kwanta har ruwa ya komo. Amma ba ɗayansu da ya zauna ya yi shawara, halinsu ne kawai. Mutum ne ke da zaɓi, saboda haka shi ake yaba wa, shi ake zargi.

Wani zai ce, "Gonata ce, gatarina ne, iyalina kuma suna bukatar itacen girki." Lalle bukatarsa gaskiya ce. Sai dai iskar da za ta kwashe ƙasar gonarsa ba ta san iyaka ba, har gonar maƙwabci za ta binne.

An ga haka a ƙasar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar. An sare itatuwan gonaki, ga kuma fari na 1973 da na 1984. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya shuka sau biyu ko uku. Ruwa ba ya tsami banza. Sai manoma suka sake dabara. In kututture ya yi toho, su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bari, su sare sauran su kai gida don girki. Wannan shi ake kira sassaben zamani. A 2009 masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kamar miliyan 200 sun tashi ta haka, a fili kamar hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

To, mai karatu, ka ga ba mai zama don kansa. In ka shiga gona bana da gatari, ka tarad da ɗan gawo ya tsiro, tuna ba naka ne kai kaɗai ba. Shanun rani suna da rabo a cikinsa, haka maƙwabcinka, haka jikanka wanda zai gaji gonar.