Hukuncin kuɗin likita idan saniya ba ta ba da ƙwai ba bayan allura

Tambaya: Ina da gonar kiwon shanun madara. Na biya likitan dabbobi ya yi wa shanuna uku allurar da ke sa saniya ta saki ƙwai da yawa, don a kwashe 'yan tayin a dasa wa wasu shanu. Ɗaya ta ba da goma sha ɗaya, ɗaya biyu, ta ukun ko ɗaya. Shin aikin ya halatta? Kuma ina da haƙƙin karɓar kuɗin ta ukun?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, aikin kansa halal ne. Asali a harkar noma da kiwo shi ne halacci, kuma hadisin barbarar dabino da Muslim ya ruwaito ya bar irin waɗannan dabaru ga masana sana'a. Tsoron cakuɗuwar nasaba, wanda ya sa aka tsananta a kan 'yan Adam, bai shafi dabba ba. Sharaɗi shi ne kada a cutar da ita.

Kafin maganar kuɗi, sai mu san yadda abin yake. A al'ada saniya ƙwai ɗaya take saki duk bayan kwana 21 ko kusa da haka. Likita yana yi mata allurar sinadarin FSH safe da yamma na kwana huɗu, yana rage adadin kullum, sannan a ɗura mata maniyyin bijimi, a wanko 'yan tayin daga mahaifa a kwana na 7 bayan ɗurin. A matsakaici ana samun biyar ko shida masu kyau, amma wannan lissafin taro ne. Wata takan ba da fiye da ashirin, wata ba ta ba da komai, alhali kwalba ɗaya aka zuƙo musu. Babban dalili shi ne yawan ƙananan jakunkunan ƙwai da kowace saniya take da su, kuma wannan halittarta ce, ba ya cika sauyawa daga zagaye zuwa zagaye. Shekaru, ƙiba ko rama, zafin rana da yawan tatsa duk suna da tasiri. Haka jinsi: shanu masu tozo, dangin Bunaji da Bokolo, sun fi na Turai yawan jakunkunan, kuma allura kaɗan take isar su. Ana iya ƙirga jakunkunan da na'urar hoton ciki, ko a auna sinadarin AMH a jini, amma hasashe kawai suke bayarwa.

Tunda sakamakon ba ya hannun likita, hukunci yana bin yadda kuka ƙulla.

Idan a kan aiki kuka yi, wato allura da ɗuri da wanki, wannan ijara ce. Ya cika aikinsa bisa ƙa'ida, ladansa ya tabbata ko da ba a samu komai ba, kuma ba ka da haƙƙin karɓa. Sai fa in ya yi sakaci, kamar ya tsallake allura, ko ya yi amfani da maganin da ya lalace, ko ya ga alamar saniyar ba za ta amsa ba ya ɓoye maka. A nan akwai lamuni a kansa.

Idan kuwa kun yi cewa ba shi da lada sai an samu ɗan tayi mai kyau, wannan ju'ala ce. Malikiyya sun halatta ta, kamar yadda suka halatta a yi sharaɗi da likita a kan warkewa, muddin ba a sharɗanta biya tun farko ba. A wannan sura ba shi da komai a kan ta ukun, abin da ka ba shi dominta sai ya dawo maka.

Sura ta uku ita ce wadda nake jan kunnen masu kiwo a kanta: mutum ya sayar ko ya sayi abin da wata saniya za ta bayar tun ba a wanko ba. Wannan garari ne, wato ciniki a kan abin da ba a da tabbacinsa, wanda hadisin Abu Huraira a cikin Muslim ya hana, kuma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hani a kan sayar da abin da ke cikin mahaifa da tsatson dabbobi. Cinikin ɓatacce ne, kowa a mayar masa da nasa. Amma bayan an wanko, an ƙirga, an tantance ingancinsu, abin da na fi rinjayarwa shi ne halaccin sayar da su, domin sun zama abu sananne mai amfani.

Kada takaici ya sa ka matsa wa likita ya ninka wa ta ukun allura. Wuce kima ba ya ƙara 'yan tayi masu kyau, yana ma iya rage su, ga wahalar da dabba, kuma za a tambaye ka a kanta. In za ka sayar da ita ga mai neman ta don wannan aiki, wajibi ne ka bayyana masa halinta.

Nan gaba ku rubuta yarjejeniya, ku fayyace ko a kan aiki ne ko a kan sakamako, kuma a duba shanun kafin a fara. Allah ne mafi sani.