Wa Ya Ɓata Lokaci, Mai Jirgi ko Mai Keke?

A kudancin yankin Bourgogne na ƙasar Faransa, dab da garin Cluny, akwai hanyoyi biyu da suke maƙwabtaka. Ɗaya layin dogo ne na jirgin TGV, wanda tun 1981 yake haɗa Paris da Lyon, yana cinye tazarar sama da kilomita 400 cikin awa biyu. Ɗayar kuwa siririyar kwalta ce da aka haramta wa mota da babur. A kanta ake ganin dattijo da matarsa, jakunkuna rataye a kariyar kekunansu, ko uba yana jan ɗan amalanke da jariri a ciki, suna taka feda a hankali tsakanin gonakin inabi da fararen shanu. Fasinjan jirgin zai sauka a Lyon kafin su ci kilomita goma. Tambayar tsohuwa ce, kuma ta fi ƙarfin harkar yawon buɗe ido: shin amfanin tafiya a isowa kaɗai yake, ko akwai abin da ke cikin hanyar wanda mai sauri ba zai taɓa samu ba?

Ita kanta siririyar kwaltar a da layin dogo ce. Da jiragen suka daina bi, sai hukumar yankin ta cire ƙarafan ta shimfiɗa kwalta, a 1997 aka buɗe kimanin kilomita 44 daga Givry zuwa Cluny, kuma ana lissafa ta cikin na farkon irin waɗannan hanyoyi a ƙasar. Tun da jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsauri, hanyar kusan a kwance take, yaro da tsoho duk suna iya bi. Kudu da Cluny akwai ramin Bois Clair da aka huda cikin tudu, tsawonsa kilomita 1.6, a ciki mai keke yake jin sanyi ya ratsa shi ko da a tsakiyar bazara. Da hunturu ya kama rufe ramin ake yi, domin jemagu sun mai da shi wurin barcinsu na watanni, dole matafiyi ya zagaya ta kan tudun. Hanyar da aka gina don kada kaya su makara, yau jemage ne ke tsara mata lokacin aiki.

Kusan duk manyan hanyoyin keke na Faransa haka tarihinsu yake. Wadda ta bi kogin Loire, kimanin kilomita 900 daga kusa da Nevers zuwa bakin tekun Atlantika, tana ratsa Orléans da Blois da Tours da Nantes, sau da yawa a kan gancin da aka gina don tare ambaliya. Wadda ta taso daga Roscoff ta gangara har Hendaye a iyakar Sifen tana bin gefen mashigin ruwa da tsofaffin layukan dogo, sannan ta kutsa dajin Landes, wanda shi ma shuka shi aka yi a fadamu bayan dokar 1857.

Amma labarin da ya fi bayyana lamarin shi ne na mashigin ruwan Canal du Midi. Pierre-Paul Riquet, mai karɓar harajin gishiri, shi ya shawo kan fadar Sarki Louis na 14 aka fara haƙa a 1666, aka buɗe a 1681, watanni kaɗan bayan rasuwarsa. Kilomita 240 ne daga Toulouse zuwa gaɓar Bahar Rum, kuma manufarsa sauri ce zalla: a kai alkama da sauran kaya daga teku zuwa teku ba tare da an zagaye Sifen ba. Dawakai ne ke jan jiragen ruwan daga gefe, a kan turbar da masu keke ke bi yanzu, saiwoyin bishiyoyi suna girgiza musu sirdi. A 1857 layin dogo ya haɗa Bordeaux da Sète, mashigin ruwan ya zama tsohon yayi. Duk wanda ke tafiya a inuwar nan yana murnar ya tsere wa gaggawar zamani, a kan gawar gaggawar kakanninsa yake tafiya.

Masu kare tafiyar sannu suna da hujja ta lissafi. Marubuci Ivan Illich, a ɗan littafinsa Energy and Equity na 1974, ya tara awannin da Ba'amurke yake ba motarsa a shekara: tuƙi, cunkoso, neman wurin fakin, da aikin da yake yi don biyan kuɗin motar da mai da inshora. Ya samu kusan awa 1,600 don tafiyar mil 7,500, wato ƙasa da mil biyar a awa, saurin da keke ya fi. Hujja ce mai kyau ga mai zuwa ofis kullum. Ga mai yawon Loire kuwa ba ta kama ba, domin shi ba tattalin lokaci ya fito yi ba. Kashe lokacin ya zo yi da gangan, kuma sau da yawa TGV ɗin ne ma ya kawo shi inda zai fara.

Wasu kuma sun ce darajar tafiyar a wahalar take. Faransawa sun daɗe da yin wannan gardama. Paul de Vivie, ɗan kasuwar siliki na Saint-Étienne da aka fi sani da Vélocio, wanda ya kafa mujallar Le Cycliste a 1887, ya yi shekaru yana tallata keke mai giya don mutum ya hau dutse ba tare da ya galabaita ba. Henri Desgrange, wanda ya kafa gasar Tour de France a 1903, yana ganin giya kayan ragwaye ne, kuma sai a 1937 aka yarda 'yan gasar su yi amfani da ita. Vélocio ba rago ba ne, yana yin ɗaruruwan kilomita a fita guda har cikin tsufansa. Sai dai ƙa'idojin da ya bar wa almajiransa na kiyaye jiki ne: a ci kafin yunwa, a sha kafin ƙishirwa, kada a tuƙa har ƙarfi ya ƙare, kada a taka feda don a burge wani. Ya rasu a 1930 bayan jirgin cikin gari ya buge shi a Saint-Étienne yana tura kekensa.

Vélocio ne ya fi kusa da gaskiya, kuma mai karatun hadisi ba zai yi mamaki ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin tsohon da ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙafa, 'ya'yansa biyu suna riƙe da shi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya hau abin hawa, domin Allah ba ya bukatar ya azabtar da kansa. Wahala ba abin nema ba ce don kanta. Abin da Alƙur'ani ya maimaita shi ne a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma dubawar nan ita ce sauri yake ci. Ido yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Daga tagar jirgi mai gudun kilomita 300 a awa, Cluny wasu hasumiyoyi ne da suka gifta. Mai keke kuwa yana jingine kekensa a bango, ya ga cewa gidan ibadar da aka kafa a 910, wanda cocinsa ya taɓa zama mafi girma a duniyar Kirista, an sayar da shi bayan juyin juya halin Faransa, aka riƙa fasa shi ana ɗibar duwatsun ana gini. Kusan kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Yana kuma iya yi wa mai sayar da burodi sallama, ya ji warin ciyawar da aka yanka.

Sai dai kada a yaudari kai. Sannu ba ta hana zuwa, amma sannun da mutum ya zaɓa daban take da wadda talauci ya ɗora masa. Wanda ke tuƙa keke don ba shi da kuɗin mota ba ya kallon gonaki, rana yake lissafi. A Faransa ma, ma'aikata ba su cika hanyoyi da kekuna don hutu ba sai a 1936, lokacin da gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar hutun mako biyu da albashi. Kafin a yi wa mutum wa'azin natsuwa, sai an fara ba shi kwanakin da zai natsu a ciki, da hanyar da tirela ba za ta bi ta kansa ba, kuma duka biyun doka da kasafin kuɗi ne suka samar da su.

Gardamar Vélocio da Desgrange ta dawo da sabon kaya. Yanzu shagunan haya a Tours da Amboise, a kan hanyar Loire, cike suke da kekuna masu batir, wasu tsofaffin mahaya suna musu kallon ha'inci, kamar yadda aka yi wa giya. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade injin irin wannan keke a wat 250, kuma dole ya daina taimako da zarar an kai kilomita 25 a awa. Da wannan ɗan taimakon mace mai shekara saba'in take hawa tudun da ya gagare ta shekara goma da suka wuce, tana kuma tafe a gudun da za ta iya tsayawa idan ta ga abin tsayawa.