Kafin Ka Sake Riƙe Lasifika

Ɗana, na ji an ce ka shiga siyasa, har kana riƙe lasifika a taron matasa a nan Illela. Madalla. Sai dai an kawo mini irin kalaman da ka jefi abokin hamayyarka da su, har ka taɓo iyayensa. Zauna, in ba ka labarin wani Bakano.

Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, an haife shi a 1929, kuma da koyarwa ya fara. A 1954 ya shiga Majalisar Wakilai a Legas, a 1959 ya zama ministan ma'adinai da wutar lantarki a gwamnatin Tafawa Ɓalewa yana ɗan shekara 30, ya riƙe kujerar har sojoji suka yi juyin mulki a Janairun 1966. Baki kuwa Allah ya ba shi. In ya miƙe zai yi magana, ko Hausa ko Turanci, tsit ake yi. Mai irin wannan harshe, da zagi ya sa gaba, da ba wanda zai sha.

A ƙarshen 1978 jam'iyyar NPN ta yi zaɓen fid da gwani. Shehu Shagari, namu na ƙasar Sakkwato, ya zo na ɗaya, Maitama na biyu. Ka san yadda 'yan siyasar yanzu ke yi in sun sha kaye: kafin gari ya waye an sauya sheƙa, an tara 'yan jarida, an tone duk sirrin da aka ƙulla tare. Shi ya yi zamansa a jam'iyya. Shagari ya ci zaɓen 1979, daga baya ya tura shi New York wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. To, da ya ci mutuncin Shagari ranar da ya faɗi, da wane ido zai karɓi wannan aike? Shagarin ma ta yaya zai damƙa masa bakin ƙasa gaba ɗaya?

Majalisar nan ma wani tsohon malamin makaranta ya taɓa jan ragamarta, U Thant na ƙasar Bama, daga 1961 zuwa 1971. Shi ya yi ta kai-komo da saƙo tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a rikicin makamai masu linzami na Kuba a 1962. Ina jin wanda ya saba da aji cike da yara masu surutu ya riga ya koyi haɗiye fushi.

Kai kuwa ɗan bakin iyaka ne, ba sai an kai ka New York ka gane amfanin ɗan aike ba. Da idonka ka ga an rufe iyakar nan a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Ka sake gani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023: manyan motoci sun yi jerin gwano, kaya na lalacewa a rana, ɗan dako na zaune ba na cefane, Ƙonni ta Nijar tana nan kusa amma ta zama nesa. A lokacin masu ɗaga murya sun yi yawa, har da masu kiran yaƙi. Waɗanda suka hau jirgi zuwa Yamai su ne Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, sai kuma tawagar malamai. Zuwan farko ma Abdulsalami da Sarkin Musulmi ba su samu ganin Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, ba. Ba su yi zuciya ba, Abdulsalami ya sake komawa cikin watan Agusta, aka zauna. Sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Yaron nan da ka zaga, makabartarku ɗaya, kasuwarku ɗaya, kuma gobe jam'iyya ɗaya na iya haɗa ku, don na ga an yi haka ba sau ɗaya ba. Ranar Lahadi zai shigo kara da shanun babansa. Ka shirya da wuri, ni zan raka ka, kai za ka fara miƙa masa hannu.