Mutum Tara Yake

A tsarin Eniyagram, wanda Oscar Ichazo da Claudio Naranjo suka yaɗa a shekarun 1970, an kasa halayen ɗan Adam gida tara. Na farko shi ne mai neman kamala, wanda ba ya haƙuri da aibi, kuma an ce ɓoyayyen ciwonsa fushi ne.

Ko da yake tsarin ba kimiyya ba ne, na ga fuskata a cikinsa. Na daɗe ina gyaran dikte bisa tsohuwar ƙa'idar lakwal: kuskure biyar, sifiri. Wata ɗalibata ƴar Tajaye, gwanar ba da labari, ta daina rubutu don tsoron jan alƙalamina. Nahawu ya tsira, amma na yi asarar marubuciya.

Shin kyautata aiki laifi ne? A'a, addini ma ya yi umurni da shi. Laifin shi ne malami ya auna yaro da tiyar da shi kansa bai cika ba. Kamala ta Allah ce. Mutum tara yake, bai cika goma ba. Ƴan'uwa malamai, mu gyara kuskure, amma kada gyaran ya raba yaro da alƙalaminsa.