Sauya Ejan Ana Tsakiyar Neman Bizar Karatu: Cin Amana Ne?

Ɗalibin da ke neman bizar karatu a Ingila ko Kanada yakan damƙa takardunsa a hannun ejan. Idan tafiya ta yi nisa ya fara ganin jan ƙafa ko rufa-rufa, sai zuciyarsa ta riƙa raya masa cewa komawa wurin wani cin amana ne. A ganina ba haka ba ne, matuƙar an bi ta ƙofa. A fiƙihun Malikiyya, asalin wakalci ƙulli ne da mai wakiltawa ke da ikon warwarewa, domin wakili aikin wani yake yi. Dokokin ƙasashen ma a kan ɗalibi suke ɗora nauyin. Lambar CAS, wato shaidar samun gurbin karatu da jami'ar Ingila ke bayarwa, da sunansa take fitowa, kuma idan aka kama takardar bogi a fayil ɗinsa, shi ake iya hana wa shiga ƙasar har shekara 10. A 2023 ɗaliban Indiya da dama sun fuskanci barazanar kora daga Kanada saboda takardun gurbin karatu na jabu da ejan ya haɗa musu. Wanda zai ɗauki alhaki shi ya cancanci zaɓen wanda zai tsaya masa.

Mai ja zai ce alkawari kaya ne, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika ƙulle-ƙulle. Zai ƙara da cewa yawancin ejan daga jami'a suke karɓar kamasho bayan ɗalibi ya yi rajista, don haka wanda aka bari a tsakiya ya yi wahalar banza. Wannan magana tana da nauyi, har malamanmu sun ce wakalcin da aka yanka wa lada ya zama ijara ko jinga, ba a janye shi yadda aka ga dama bayan an fara aiki. Amma abin da hukuncin ke karewa shi ne gumin ma'aikaci, bai mallaka masa makomar ɗalibi ba. Ejan da ya ɓoye gaskiya kuwa shi ya fara warware ƙullin.

Saboda haka sauyin da ya halatta shi ne na fili: ɗalibi ya sanar da ejan a rubuce, ya biya ladan aikin da aka riga aka yi, ya karɓi fasfonsa da lambar sirrin imel, ya shaida wa jami'a sunan sabon wakili. Wanda kuwa ya gudu daga mai gaskiya zuwa wurin mai alkawarin haɗa masa takardar banki ta ƙarya, shi ne ya ci amana, tun kafin ofishin jakadanci ya gano shi.